Bakan Gizon Sorayenmu Ba Aron Italiya Ba Ne

Wata magana na yawo a majalisun Bauchi, wai bakan gizo da tulluwar tsoffin sorayen sarauta kwaikwayon ginin Italiya ne, Turawan mulkin mallaka suka koya wa maginanmu. Wasu ma cewa suke zanen bangon zaure salon Barok ne. Maganar tana da ƙanshin ilimi, shi ya sa ake saurin haɗiye ta.

Gaskiya ne Italiya ta yi salo uku a jere. Renesans ya taso a Florence a ƙarni na 15, komai a aune, dama daidai da hagu. A 1436 aka kammala ƙubbar da magini Brunelleschi ya yi a can. Manarizim ya biyo wajen 1520, yana karya waɗannan ƙa'idoji da gangan. Barok kuwa, daga wajen 1600 a Roma, lanƙwasa ce da ado tuli. Gaskiya ne kuma ɓurɓushin Barok ya iso Najeriya, amma ta Legas, a hannun 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil. Masallacin Shitta-Bey na 1894 shaida ne.

Sauran duk shaci-faɗi ne. Sojojin Ingila ba su shigo Bauchi ba sai 1902, alhali Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Gidan Madaki a Kafin Madaki, arewa da birni, tun wajen 1860. Kafin nan ya riga ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarki Abdulkarim. To, wane Bature ya koya masa?

Ɗaga kai ka dubi rufin ma ya isa. Bakan Bature duwatsu ne ko bulo masu danne juna, sai an sa na tsakiya yake tsayuwa. Magini Bahaushe kuwa azarar giginya yake kafawa a cikin bangon tubali, kowane sahu ya ɗara na ƙasa kaɗan, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, har hannayen biyu su gamu a sama. Idan bakunan suka gitta juna, shi ne ɗaurin guga, kuma a kansa tulluwa ke zama. Gara ba ta cika cin azara ba, damina ce abin tsoro idan an bar yaɓe da gyaran indararo.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mai ganin ginin nan aro ne ba zai ji zafin rushe shi ya zuba siminti ba. Malamai, ku kai ɗalibanku Kafin Madaki su gani da idonsu.