Ana Tsoron Masarar TELA, Ga Fumfuna a Cikin Rumbu

Tun da gwamnatin tarayya ta amince da irin masarar TELA, mai sauyayyun ƙwayoyin halitta, a watan Janairun 2024, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta samar, maganar ba ta kwanta ba a majalisun Tsiga da Bakori, har zuwa kasuwar Dandume. Wai duk wanda ya ci tuwonta, ƙwayoyin halittarsa za su jirkita, har ya daina haihuwa.

Manomi na da haƙƙin ya tambayi tsadar irin, da dalilin sayensa kowace damina. Amma batun jirkitar jiki ba shi da tushe. Kowane abinci na ɗauke da ƙwayoyin halittarsa, wake ne ko naman akuya, ciki kuma narkar da su yake yi.

Abin da ke jirkita ƙwayar halitta da gaske yana nan cikin gidajenmu. Dubi buhun masarar da aka ɗinke da sauran danshi, ko gyaɗar da ruwan ƙarshen damina ya doka a shanya. Wannan kore-koren fumfuna da ake kaɗewa da hannu, a ce wa uwargida "a kai niƙa, wuta za ta kashe", ita ke fitar da gubar afalatoksin. Wuta ba ta kashe ta. Idan ta isa hanta, sai ta koma wani sinadari mai manne wa ƙwayar halitta, ya sauya mata harafi. Kamar mai kwafar littafi ne da hannu: ya kuskure harafi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga gare shi da kuskuren zai tafi. A 1991 masana suka gano gurbin da ake wannan ɓarna, a ƙwayar TP53 mai hana ciwon daji tsiro, a jikin masu dajin hanta a Sin da kudancin Afirka. Mai ciwon hanta nau'in B kuwa, haɗarinsa ninkuwa yake yi.

An fara gane gubar ne bayan mutuwar talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960. A Kenya ta kashe mutum 125 a 2004, ta hanyar masara.

Abin takaici, akwai rigakafi. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kafin masara ta fitar da bunu. Manoma nawa ne a Tsiga malamin gona ya taɓa nuna musu shi? A kasuwanninmu wa ke gwada hatsi kafin a loda tirela?

Kafin hukuma ta farka, a shanya masara a kan tamfol ta bushe ƙarau, a ɗora buhuna kan katako, a tsince mai fumfuna a binne. Kada a ba kaji ko shanu, domin gubar na biyo nonon shanu ta dawo cikin furar yara.