Cocin Wusasa da Makomar Gininmu na Ƙasa

A shekarar 1929 ne layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya iso Ƙauran Namoda, ya sauƙaƙa shigowar kwanon rufi da siminti ƙasarmu. A wannan shekarar ce kuma aka gina cocin St. Bartholomew a Wusasa, bayan garin Zariya, lokacin da mishan ɗin CMS na su Dakta Walter Miller ya bar cikin birni. Ba a kwaikwayi fasalin majami'un Ingila ba. Magina Hausawa ne suka ɗora shi da tubali da azara, suka ɗaure rufinsa da bakan gizo irin na zauren sarki. Har yau cocin yana tsaye.

Masu ibada a irin wannan gini, Kirista ne ko Musulmi, buƙatarsu ɗaya ce: wutar lantarki, fanka, lasifika, da rufin da ba ya yoyo. Haƙƙinsu ne. Inda ake samun matsala shi ne yadda ake biyan buƙatar.

Abin da aka fi yi shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti, a ce an huta da yaɓe. Alhali bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Siminti kuwa toshe shi yake yi. Da zarar ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, sai tubali ya riƙa jiƙewa daga ciki, waje kuma fes. Ka ƙwanƙwasa irin wannan bango da ɗan yatsa, za ka ji yana amsawa fayau: shafen ya rabu da jikin ginin. Haka mai haɗa wuta zai zo da kurfi ya sassaƙe gindin bakan gizo don ya binne waya, bai san a nan nauyin rufin ya sauka ba.

Magina na da nasu maganin tun kaka da kakanni. Makuba daga kwasfar ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa ƙasa da ruwanta. Laso daga katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe saman soro. Azarar giginya, wadda gara ba ta ci da sauƙi. Sai indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. Duk wannan sai da kulawa a kai a kai, kafin saukar ruwan fari.

Ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, ya rufta kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. Tun ranar, tsaga a tsohon gini ta wuce a kalle ta a ce sai an tara kuɗi.

Akwai abin koyi a Dandaji, ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar. Mutanen garin sun so sabon masallaci babba. Masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka gina musu shi da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Tsohon masallacin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986, kuma da magina na gargajiya aka yi gyaran.

Mu a nan Galadi da Shinkafi da Zurmi, damuwarmu ta fi haka. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka, masallatan ƙasa sun sha damina bayan damina babu mai yaɓe, tsofaffin magina suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo. In Allah Ya kawo zaman lafiya jama'a suka koma gida, wani mai hali zai ce a rushe a zuba kankare. Kafin a ɗaga diga, kwamitin masallaci ya kira Sarkin Magina ya duba bangon tare da injiniya, a ji abin da zai iya tsayawa, a kuma sa yara biyu ko uku su riƙa miƙa masa tubali a biya su ladan aikinsu.