2,147,483,647: Lambar da Ta Gagari Rabo

A jera 2 har guda 31, a ninka su da juna, a debe 1. Abin da zai fito shi ne 2,147,483,647, wato biliyan biyu da miliyan 147 da 'yan kai. Duk girman nan nata, babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta.

Irin waɗannan gagara-rabo da ake samu daga ninkin 2 a debe 1 ana jingina su ga Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa na ƙarni na 17, kuma wannan ce ta takwas a jerinsu. Kada a ɗauka dabarar kullum tana ci. Da 2 guda 11 ana samun 2,047, wadda 23 sau 89 ce. Da guda 29 ana samun 536,870,911, ita ma 233 na raba ta tas.

Wanda ya tabbatar cewa tamu gagara-rabo ce shi ne Leonhard Euler, a 1772, lokacin da idanunsa sun riga sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Yadda ya yi shi ne abin da ya fi burge ni. Ba sai an gwada lambobi biliyan biyu ba. In akwai mai raba ta, dole a same ta ƙasa da 46,341, domin 46,341 sau kanta ta zarce lambar. To ko hakan aiki ne ja ga mai alƙalami da takarda. Sai Euler ya nuna cewa duk gagara-rabon da za ta iya raba ta, in aka raba ta da 248, saura 1 ko 63 za ta bari. Nan take dubban lambobi suka zube kamar tsakuwa a rariya, gwajin da ya rage bai wuce 372 ba. Babu wadda ta shiga. Har 1867 ba a san gagara-rabon da ta fi ta girma ba.

Tana kuma haifar da cikakkiyar lamba, irin 6 da ke daidai da jimillar masu raba ta, 1 da 2 da 3. A ninka lambar tamu da 1,073,741,824, sai ga 2,305,843,008,139,952,128.

Masu kwamfuta kuwa a matsayin iyaka suka san ta. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma a ma'aji mai gurbi 32 ana ware gurbi guda don nuna ko lambar ta haura sifili ko ta gaza shi. Guraben 31 da suka rage, in duk suka cika da ɗaya, lambar nan ce. Shi ya sa a 2014, da masu kallon waƙar Gangnam Style suka doshi wannan adadi, YouTube ya faɗaɗa ma'ajinsa zuwa gurbi 64.

Iyakar da ta fi damuna ita ce ta agogo. Na'urori da yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma daƙiƙa ta 2,147,483,647 za ta buga ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14:07 agogon GMT. Duk tsohuwar na'urar da ba a gyara ba, daƙiƙa ɗaya bayan nan za ta ɗauka ana 13 ga Disamban 1901.