KITSEN DA KE RUNGUME DA JIJIYOYIN JININKA

Yau da ragon layya zan fara.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar rago ranar Babbar Sallah ya san wannan. Idan aka buɗe cikin, za ka ga wata babbar jijiya kwance a jikin ƙashin baya, kitse ya lulluɓe ta. Ni dai da, ɗauka nake yi matashi ne kawai da ke kare jijiyar daga buguwa. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Su kansu masu bincike sun daɗe suna kankare wannan kitsen su zubar kafin su yi gwaji a kan jijiya.

Sai a 1991 wasu masana biyu a Amurka, Soltis da Cassis, suka gwada babbar jijiyar ɓera da kitsenta a jiki. Suka ga ba ta matsewa da ƙarfi kamar wadda aka kankare. A 2002 kuma masu bincike a Jamus suka nuna cewa kitsen da kansa yana fitar da sinadaran da ke sa jijiya ta saki jiki. Wato kitsen nan hira yake yi da jijiya dare da rana. Mu ma haka jikinmu yake: kusan duk jijiyoyin jininmu na da shi, ban da na cikin ƙwaƙwalwa.

To, mene ne tsufan jijiya? Ka tuna sabon tiyo na ban ruwa, mai laushi, da wanda ya shekara a rana ya ƙandare. Jijiyar matashi tana buɗewa idan zuciya ta harbo jini, ta koma. Idan ta ƙandare, dole zuciya ta ƙara ƙarfi, lambar sama ta awon jini ta hau, ƙananan jijiyoyin ƙoda da na ƙwaƙwalwa su riƙa shan duka. Hanyar hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke nan.

Ina kitse ya shigo? Muddin yana da lafiya, yana ba jijiya sinadarai irin su adiponektin, masu hana kumburi. Amma idan shekaru suka ja, ko ƙiba ta yi yawa, ƙwayoyin kitsen sai su kumbura, sojojin garkuwar jiki su yi dafifi a wurin, saƙon ya juye. Mai gadi ya koma ɓarawo, kun gane?

Gwajin da ya fi ba ni mamaki shi ne na 2014 a Jami'ar Colorado. An ɗebo kitsen jijiyar tsohon ɓera aka dasa a jijiyar matashin ɓera. Jijiyar matashin ta ƙara tauri. Kitsen ne ya kai mata tsufa har gida.

A ɗan Adam ma an ga alamu. Wani likitan tiyata a Suwidin, Domingos Souza, ya fito da dabarar ciro jijiyar ƙafa tare da kitsenta idan za a yi wa zuciya sabuwar hanyar jini, kuma irin waɗannan jijiyoyin sun fi daɗewa ba su toshe ba. A 2017 masana a Jami'ar Oxford suka nuna cewa hoton CT na kitsen da ke kewaye da jijiyoyin zuciya na iya tona kumburin da ke ɓoye a cikinsu.

'Yan uwa, kar wani ya ce ai ni yaro ne. Jijiya na iya riga mai ita tsufa, kuma ba ta ihu. Wannan kitsen ba ka ganinsa a madubi, amma teɓa ta kan ba da labarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, gishiri kuma kar ya kai giram 5 a rana, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. A rage lemon kwalba, a bar sigari da shisha, a riƙa auna jini ko da ana jin garau.

Yaushe rabonka da auna jininka? Ku faɗa mini a ƙasa. Allah Ya ƙara mana lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.