Wa ya duba kayan aikin da ɗan aiken kwamfuta ke ɗauka?

Ƙirƙirarriyar basira ta wuce matakin amsa tambaya kawai. Yanzu aiki ake ba ta: ta buɗe saƙonni, ta cike jadawali, ta aika wasiƙa, wani lokaci har ta taɓa asusun kuɗi. Manhajar da ke yin haka a madadin mutum ita ce ɗan aiken kwamfuta. Sai dai ba ta da hannu, dole a haɗa ta da wasu ƙananan manhajoji, wata ta WhatsApp, wata ta imel, wata ta rumbun bayanai. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fito da tsarin MCP don sauƙaƙa wannan haɗi, a 2025 kuma OpenAI da Google suka rungume shi. Kafin a ankara dubban irin waɗannan kayan aiki sun cika intanet, kuma duk wanda ya iya rubuta manhaja yana iya saka nasa.

Kowane kayan aiki yana zuwa da ɗan rubutu mai faɗin abin da yake yi da abin da za a cike masa. Wannan rubutun ɗan aike ke karantawa ya yanke shawara. In bayanin ya zo a dunƙule, sai ya yi cinta. A kasuwar Dakoro ta Nijar in an ce dala ɗari biyu, kowa ya san jaka guda ke nan, wato sefa 1000. To, a ce mai shago ya umarci ɗan aikensa da Hausa ya tura wa wani dala ɗari biyu, alhali bayanin kayan aikin bai faɗi da wane ma'auni ake lissafi ba, yana iya tura sefa 200 ya dawo ya ce an gama. Babu ɓarawo a nan, sakacin marubuci ne kurum, amma mai kuɗi ne zai sha kunya.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, ɗan aike ba ya iya rarrabe bayani da umarni yadda ya kamata. A watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs a Suwizalan sun nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin wannan rubutu, inda mai kwamfutar ba ya dubawa amma ɗan aike yana karantawa. A wani gwajinsu, kayan aikin da ba ruwansa da WhatsApp ya sa ɗan aike ya kwashi hirarrakin mutum ya aika wata lamba.

Mutanen Dakoro sun san irin wannan matsala ta wata fuska. Makiyayi ya sha ganin kwalbar maganin tsutsa a tire, mai kyan kwali, ba lambar izini, ba a san inda aka haɗa ta ba. Tun 2003, lokacin da ƙungiyar Karkara da likitocin dabbobi na VSF ta Beljiyam suka taimaka aka kafa aikin likitan dabbobi mai zaman kansa kusa da makiyaya a nan, ake koya wa mutane su sayi magani a hannun wanda aka sani, su duba takardar da ke cikin kwali. A 2006 kuma UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kashe sefa, ta kafa dokar cewa sai da izininta za a sayar da maganin dabbobi a ƙasashenta. Amma kwalba ba ta sauya abin da ke cikinta bayan an buga mata hatimi. Manhaja tana sauyawa. A watan Satumban 2025 kamfanin tsaro na Koi ya gano wani kayan aikin aika imel mai suna postmark-mcp, wanda wani ya saka da aron sunan kamfanin da ba nasa ba. Fitowa 15 na farko lafiya lau suke. A ta 16 ya ƙara layi ɗaya tak, wanda ke tura masa kwafin kowace wasiƙa a ɓoye.

Shi ya sa takardar shaida, da duk amfaninta, ba ta isa a kwanta barci a kanta ba. Ma'aunin ISO 27001 yana duba yadda kamfani ke kula da tsaron bayanai ne, ISO 42001 na Disamban 2023 kuma yadda yake tafiyar da ƙirƙirarriyar basira. Babu ɗayansu da ke nufin wani ya zauna ya karanta kayan aikin da ka sauke jiya. Dokar Tarayyar Turai da za ta tilasta wa masu ƙera manhaja kula da tsaronta ta fara aiki a Disamban 2024, amma manyan sharuɗɗanta sai Disamban 2027.

Wani zai ce ina ruwan Dakoro da wannan. Ruwanta kuwa har wuya. Ƙungiyoyin agaji, asibitocin karkara da ƙungiyoyin makiyaya suna riƙe da sunayen mutane, lambobin wayarsu, yawan iyalinsu da dabbobinsu, kuma sau da yawa matashi ɗaya mai kwamfuta ne ke haɗa rahoton duka. Ranar da aiki ya yi masa yawa, shi ne zai fara jona ɗan aike da jadawalin nan. Matar da aka rubuta sunanta a Kornaka don tallafin abinci ba ta san da wannan ba, ba kuma a nemi yardarta ba. Dokar Nijar mai lamba 2022-59 ta kare bayanan mutum, wadda aka ɗora wa hukumar HAPDP sa ido a kanta, ta ɗora nauyin a kan wanda ya tattara bayanan.

A ganina shugaban kowace irin wannan ƙungiya yana da haƙƙin ya tambayi ma'aikacinsa wa ya rubuta kayan aikin, wace fitowa ce aka saka, kuma an hana ta sabunta kanta ko a'a. A karanta bayaninta gaba ɗaya, har sashen da allo ke taƙaitawa. In aikin karanta jadawali ne, kada a ba ta ikon gogewa ko aikawa. In kuwa kuɗi ne ko saƙo zai fita, ɗan aike ya tsaya ya nuna lambar da adadin, sai mutum ya danna da hannunsa.