Fataucin Goro da Matsayin Ƙasar Rano a Cikinsa

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bayyana yadda fataken Hausa suka tsara cinikin nesa, a kuma kwatanta shi da na wasu biranen Turai.

Ƙungiyar Hansa

A arewacin Turai, 'yan kasuwar biranen bakin teku, irin su Lubek da Hambug, sun haɗa kai don tsare dukiyarsu. Sun yi babban taronsu na farko a Lubek cikin 1356, na ƙarshe kuwa cikin 1669. Suna da masaukai a Landan da Buruj da Bagen da Nobgorod.

Hanyar Gwanja

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438-1452) aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. A ƙarni na 19, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi shahara a wannan fatauci. Ayari kan ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, har ya sauka Salaga. Akan tafi da tufafi da kanwa da fatu, a komo da goro. Ta nan ƙasar Rano ta shigo, domin tun a labarin Hausa Bakwai ana kiran Kano da Rano sarakunan baba. Rinannun tufafin kudancin Kano suna cikin kayan da ake sauyawa da goro.

Madugu shi ne shugaban ayari, jagaba yana gaba, uban dawaki kuwa shi ke biyan fito. A zango, maigida ke saukar da baƙo, ya adana kayansa, ya nemo dillali, ya tsaya masa in an ba da bashi. Jarin Hansa shi ne gatan da sarakuna suka rubuta mata. Jarin Bahaushe kuwa amana ce, wadda addini da harshe da auratayya suka ƙarfafa.

Kammalawa

Yaƙin Salaga na 1892 da isowar jirgin ƙasa Kano cikin 1911 sun karya ayari, amma ba su kashe sana'ar ba. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, ya fara da goro kafin ya shiga gyaɗa. Ya kamata ɗalibai su bi dattawan Rano da Kibiya su rubuta abin da suka ji daga kakanninsu, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.