Dantata: Sunan Da Ya Samo Asali Daga Wata Tsohuwa

Hausawa sun ce tushiya mafarin dawa. Amma da yawa daga cikinmu, in aka tambaye mu inda sunan gidanmu ya fito, sai mu yi shiru. Bari mu ɗauki misali da gidan da kowa ya sani a ƙasar nan, wato gidan Dantata na Kano.

An haifi Alhassan a garin Bebeji cikin shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi ɗan kasuwa ne daga cikin Agalawa, mutanen da suka shahara wajen fataucin goro zuwa Gwanja. Alhassan yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tashi ta tafi Ankara, babban birnin ƙasar Gana ta yanzu, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa da ake kira Tata. Ita ce ta raine shi, har mutane suka riƙa kiransa ɗan Tata. Sunan kuwa ya bi shi har kabari.

Da ya girma sai ya bi sawun iyayensa. Ya yi fataucin goro, har ya shiga cikin 'yan kasuwar Arewa na farko da suka riƙa ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar tekun Gana zuwa Ikko. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Alhassan kuwa ya zama babban mai sayen gyaɗa yana sayar wa kamfanonin Turawa. Da aka buɗe banki a Kano a 1929, an ce raƙuma ashirin ne suka ɗauko masa kuɗin azurfa zuwa ajiya. Ya rasu a Kano a 1955, ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Yau sunan nan ya wuce Bebeji nesa ba kusa ba. 'Ya'yansa irin su Sanusi da Aminu sun riƙe shi, Aliko Dangote kuma tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Amma mai karatu, ka dubi abin mamaki. Gidan bai ɗauki sunan Abdullahi ba, bai ɗauki sunan wani sarki ko madugu ba. Sunan matar da ba ta da dukiya, ba ta ma mallaki kanta ba, shi ne ake rubutawa a jikin kamfanoni. Lalle alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Haka yake a gidaje da dama. Wasu sunan gari suka ɗauka ranar da aka sa su makaranta, wasu sana'ar kaka, wasu kuma laƙabi. Kowane suna da labarinsa, labarin kuwa yana bakin tsofaffi. In tsohon gidanku ko tsohuwar gidanku na da rai, kada ka jira gobe. Ɗauki takarda da alƙalami, ka zauna kusa da su, ka tambaya: wane ne kakanmu, daga ina ya zo, wa ya raine shi? Ranar da suka tafi, da amsar za su tafi.